Mahaucin da Ya Ƙi Dangwala Yatsa

A layin masu nama ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Ɓargo ake ce masa, tun yana ɗan shekara biyar yana zama ƙarƙashin teburin ubansa yana buga ƙashi a kan dutse don ya tsotse abin da ke ciki. Sunan ya bi shi har ya yi furfura, sai aka ƙara masa Baba a gaba. Mutum ɗaya ce tak ba ta kiransa haka, wato yayarsa. Ita Auta take ce masa, alhali ya ba saba'in baya, har ya aurar da jikoki.

Teburinsa shi ne na uku daga ƙofar kasuwa. Katako ne mai kauri, tsakiyarsa ta lotsa saboda sara. Ƙugiya uku, gatari ɗaya, barho biyu da wasawa ta cinye har suka zama sirara. Ba mai surutu ba ne. Aji biyu ya yi a makaranta aka cire shi ya riƙa kama wa ubansa ƙafar saniya wurin fiɗa. Yana iya karatu a hankali, yatsa a kan layi, leɓe na motsi, amma rubutu bai taɓa zama a hannunsa ba.

Mutanensu suna da yarensu, ɗan ƙarami, wanda ba a jinsa a rediyo, ba a ganinsa a takardar asibiti. Yara duk sun koma babban yaren da ake ciniki da shi. Yaya kuwa ba ta koma ba. Uwarsu ta rasu Ɓargo yana goye, ita ta ɗauke shi tana 'yar shekara tara, aikin gida ya riƙe ta, ba ta koyi komai a babban yare ba sai gaisuwa. Da tsufa ya zo idonta ya tafi, daga baya ta zame a banɗaki ƙugunta ya karye, ba ta ƙara tsayawa da ƙafarta ba. Ɓargo ya dawo da ita gidansa, ɗakin da matarsa marigayiya take, surukarsa na kula da ita.

Shekara arba'in Yaya ta yi tana zuwa coci. Da babban yare ake wa'azi, ita kuma in ta ji mutane sun ce amin sai ta ce amin. Wata rana yana yanke mata farce ta ce, "Auta, shi Allah ba ya jin namu ne?"

"Yana ji mana, Yaya."

"To me ya hana shi yi?"

Shi ya sa da aka kafa kwamitin fassara Littafin Allah zuwa yarensu, aka ce ana neman dattijon da bakinsa bai gauraye ba, bai yi gardama ba.

Wurin aikin wani ɗaki ne a bayan coci, inda a da ake jibge karyayyun benci. Akwai dogon tebur, fanka mai kuka, kabad cike da littattafai, da kwamfuta da ake rufewa da tsohon zane. Fasto ne shugaba. Malama, wadda ta yi ritaya daga shugabancin firamare, ita ke bugawa. Dokar masu ɗaukar nauyin aikin kuwa ita ce, ba babin da zai tafi wurin bugu sai da hannu uku, na shugaba, na mai rubutu, da na dattijo. Su biyun suna sa hannu da biro, shi kuma a miƙo masa ɗan akwatin tawada ya dangwala babban yatsa.

Talata da Alhamis yake zuwa. Sai ya rufe tebur da wuri, ya yi wanka da sabulu sau biyu, ya zauna kusa da taga, don ya lura Fasto na yawan taɓa hanci. Shekara shida yana dangwalawa. Wani lokaci yakan ce, "Mu ba haka muke cewa ba," a yi masa bayani mai tsawo, ya dangwala. A ransa yakan ce ana maganar sarakuna da jiragen ruwa da haikali, shi bai taɓa ganin ko ɗaya ba, bari masu karatu su yi abin da suka sani.

Har ranar da aka zo kan wahayin wani annabi. Malama ta fara karantawa da babban yare don a ji ma'ana. An ɗauki annabin an kai shi wani kwari cike da ƙasusuwan mutane, busassu ƙayau, aka tambaye shi ko za su rayu, aka kuma sa shi ya yi musu magana. Yana cikin magana sai ƙasusuwan suka fara motsi da ƙara, kowane yana neman ɗan'uwansa. Jijiyoyi suka ɗaure su, nama ya hau, fata ta rufe, amma suna kwance ba numfashi. Sai da numfashi ya shige su suka miƙe, taro mai yawa.

Ɓargo, wanda yawanci gyangyaɗi ke ɗibarsa a irin wannan lokaci, ya gyara zama. "Malama, sake."

Ta sake. Yana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ƙashi, jijiya, nama, fata, numfashi.

"Wannan ai fiɗa ce aka yi ta da baya," in ji shi. "Mu numfashi muke fara cirewa, sannan fata, sannan nama, mu yanke jijiya, mu raba ƙashi da ƙashi. Shi kuma ya bi sawunmu yana mayarwa, bai tsallake ko ɗaya ba. Wanda ya ga wannan ya san nama."

Fasto ya yi murmushi. "Madalla, Baba. To Malama, karanta namu."

Ta karanta fassarar da suka shirya. Ɓargo ya karkata kunne, ya ƙara karkatawa. Da ta gama ya ce, "Wannan wane yare ne?"

"Namu mana."

"To ni dai shekara saba'in da biyu ina yin namu, ban taɓa gamuwa da waɗannan a hanya ba."

Abin da ya faru shi ne, duk inda aka zo kan ƙashi ko jijiya ko nama, Fasto ya aro kalma daga littattafan makaranta, ya sa mata wutsiya irin ta yarensu. Ba wai yaren ba shi da nasa ba. Yana da su har sun yi yawa. Ƙashin da rana ta cinye har kare ya shinshina ya wuce, sunansa daban da ɗanyen ƙashi. Jijiyar da ke ɗaure gaɓa daban take da ta jini, daban da agara. Har ƙarar da busassun ƙasusuwa ke yi in an jijjiga su a buhu tana da sunanta. Ɓargo ya jero su duka.

Fasto ya ajiye tabarau. "Baba, Littafin Allah muke rubutawa, ba hirar mahauta ba. Waɗannan kalmomin a bakin kwata ake jinsu, inda karnuka ke jira. Ka san dariyar da za a yi mana in na hau mumbari na faɗe su?"

Shi ma Fasto yana da nasa ciwon. Yana yaro an sha sa shi durƙuso a rana don ya yi yaren gida a aji, 'yan ajin suna kwaikwayon bakinsa. Ya yi alkawari a ransa cewa ranar da yaren nan zai shiga littafi, da kwalliya zai shiga, yadda ba mai raina shi. Shekara goma sha tara yana bin aikin nan, ga shi saura babi kaɗan, masu bugu kuma sun ba da wa'adi, in an wuce shi sai a koma bayan layi.

Malama ta turo akwatin tawada. Ɓargo ya dubi akwatin, ya sa hannunsa a aljihu.

"Yatsan yau ba shi da lafiya."

"Me ya same shi?" in ji Malama.

"Ya ji abin da aka karanta."

Ya roƙi kwafi ɗaya ya tafi da shi gida. Da yamma ya zauna a bakin gadon Yaya ya karanta mata, yana tuntuɓe a kan kowace kalmar aro. Da ya kai ƙarshe ta ce, "Amin."

"Me kika ji?"

"Na ji an ambaci Allah. Sauran irin na coci ne."

Sai ya ninke takardar, ya ba ta labarin da bakinsa, da kalmomin da ubansu ke yi a bakin tebur. Tun daga ƙarar ƙasusuwa ta daina motsa ƙafa. Da ya zo inda suka miƙe, hannunta na kan ƙugunta da ya karye.

"Ƙashin da kare ya ƙi?" ta ce.

"Shi fa."

"To nawa ai bai kai can ba." Ta juyo da fuska wajensa. "Amma kai tun kana yaro kake ƙara wa labari gishiri. Wannan ɗin daga takarda nake so in ji shi. In da gaske yana ciki, a karanta min shi daga ciki, da namu."

"Za a karanta miki."

"Kada ka daɗe, Auta. Ni ba ta jira ba ce yanzu."

Daga ranar aka fara zarya. Dattawan coci suka zo har gida su biyu, suka sha ruwa, suka yi maganar haɗin kai. Ɗansa na fari ya bugo waya daga inda yake aiki yana cewa, "Baba, kana ba mu kunya, mutanen nan fa sun yi karatu." Ɓargo ya ce masa, "Ka gaida yara," ya kashe. Kowace Talata da Alhamis yana zuwa, ya zauna a bakin taga, a turo tawada, ya sa hannu a aljihu. A mako na huɗu Fasto ya ce masa a fili, in Dakta, masaniyar da masu ɗaukar nauyi ke turowa duba fassara, ta zo ta tafi za a sake duba wanda ke kan kujerar dattijo.

Maƙwabcinsa a kasuwa, Mai Kayan Ciki, abokin tsokanarsa ne tun suna samari. Yana wanke tumbi yana cewa, "An ce ka zama shehin malami, ka tsayar da littafi guda da yatsa ɗaya."

"Wanke hanjinka."

"A'a, ni ba ɗakin ibadarmu ɗaya ba, ba ruwana. Amma in kan ƙashi ne, duk wanda ya ja da kai ya ja wa kansa. Kai da ka ga ƙashi a bola kake gaya mana shekarun saniyar."

Ita Dakta sau biyu take zuwa a shekara. Ta san yaren da annabawan suka yi magana da shi, amma ba ta jin nasu ko kaɗan. Abin da ake ba ta shi ne fassarar da aka mayar mata cikin yaren boko, wadda a takarda ba ta da aibi. Saboda haka tana da hanya ɗaya ta gwaji. A tara tsofaffi, a karanta musu babi sau ɗaya, su mayar da labarin da bakinsu, Malama na yi mata tafinta.

Ana saura kwana biyar ta zo, wata tsohuwa daga cikin mawaƙan coci ta tsaya sayen nama a teburin Ɓargo. Yana yanka yana jin tana gunaguni ƙasa-ƙasa, tana tsayawa tana komawa farko.

"Iya, sabuwar waƙa ce?"

"Ina fa. Amsar Dakta ce. Mu uku Fasto ya zaɓa, kullum da yamma ana biya mana. Sa min da tsoka, kada ka cika min ƙashi."

Ya sa mata tsoka.

Ranar da Dakta ta zo bai yi yanka ba. Da sassafe ya ari amalanken da Mai Kayan Ciki ke ɗauko kaya da shi daga kwata, ya wanke shi da ruwan zafi da sabulu har sau uku, ya shanya. Ya shimfiɗa katifa, ya sa matashi biyu, ya ɗaure lema a gefe. Shi da surukarsa suka ɗauko Yaya, an ɗaura mata ɗankwalinta na zuwa coci, suka kwantar da ita a jingine. A ƙarƙashin ƙafarta ya cusa wani ƙullin buhu.

Hanyar coci ta layin masu nama ta bi. Mai Kayan Ciki na hango su ya ɗaga murya, "Ɓargo, wannan naman na ina ne, ban ga an duba shi ba!"

"Me ya ce?" in ji Yaya. Ɓargo ya fassara mata.

"Ce masa tsohon nama ne, ya fi ƙarfin haƙoransa, in ma yana da sauransu."

Ya fassara masa. Layin ya kwashe da dariya, har mai niƙa ya kashe injinsa don ya ji abin da aka ce.

Ƙofar ɗakin fassara ba ta cin amalanke, sai ya tsayar da shi a gindin taga, inda ya saba zama ta ciki. An riga an fara. Tsofaffin uku na kan benci, Malama ta karanta, su kuma suna mayarwa baki ɗaya kamar 'yan aji, ba kalmar da ta faɗi ƙasa. Dakta, wata doguwar mata mai furfura a gaban goshi, tana juya biro a hannu. Da suka gama ta ce a tambaye su, ƙasusuwan nan na mutane ne ko na dabbobi?

Suka dubi juna, suka dubi Fasto. Ta tsakiyar ta gyara murya ta sake ɗaukowa daga farko.

"Ga wadda ba a biya wa ba," in ji Ɓargo ta taga.

Fasto ya miƙe. "Baba, wane irin abu ne wannan? Mara lafiya a amalanken nama, a gaban baƙuwa?"

"Na wanke shi sau uku. Da na san hanyar da zan wanke kunnenta ta ji yarenka, da na yi."

Dakta ta tambayi me ke faruwa, Malama ta gaya mata a taƙaice. Sai ta ɗauki kujerarta da kanta ta fito waje, ta zauna a gefen amalanke, ta kama hannun Yaya ta gaishe ta. Dole kowa ya fito. Malama ta sake karanta babin daga farko har ƙarshe.

"Amin," in ji Yaya.

Aka ce ta faɗi abin da ta ji.

"Gaya wa baƙuwa, yarinyar nan muryarta na da daɗi."

Malama, mai shekara sittin da uku, ta fassara wannan ma, tana kallon ƙasa.

Fasto ya ce, "Tsohuwa ce, ga ciwo. Kuma duk abin da za ta faɗa bayan wannan, shi ya gaya mata a gida."

"Na gaya mata," in ji Ɓargo. "Ba zan yi ƙarya a bayan coci ba. To bar ta. Ga naka nan su uku, ban taɓa gaya musu komai ba."

Ya jawo buhun nan daga ƙarƙashin ƙafar Yaya. Tsofaffin ƙasusuwa ne da ya tsinto a bayan kwata, farare tas. Bai buɗe ba, ya ɗaga shi sama ya jijjiga.

"Iyaye, wannan ƙarar me ake ce mata?"

Su uku suka faɗi kalmar a tare, Yaya ta huɗu. Ɓargo kuwa ba su yake kallo ba. Ya ga leɓen Fasto ya motsa, ya kuma ga ya yi sauri ya haɗe shi.

Daga nan ya ba da labarin, a tsaye, da buhu a hannu. Bai ɗaga murya ba, yadda yake yi wa mai saye bayanin inda zai yanka haka ya yi. Ya zaro ƙashin cinya da na ƙwauri ya nuna inda suke haɗuwa, ya faɗi sunan jijiyar da ke riƙe su. Da ya kai inda gawarwakin ke kwance cikakku ba numfashi, tsohuwar da ta sayi nama ta dafe ƙirji.

"Wai mutane ne? Mutane ne suka tashi?"

"Mutane ne, Iya."

"Kai! Ashe abin da muke ta haddacewa ke nan. Kwana bakwai muna biyawa, ni na ɗauka kayan ginin haikali ake lissafawa!"

Dakta ta dubi Malama tana jiran tafinta. Malama ta dubi Fasto. Ta daɗe tana gyara takardun hannunta, sannan ta fassara duka, har da kwana bakwai ɗin.

Dakta ba ta yi faɗa ba. Ta rubuta wani abu, ta ce wannan babin ba zai tafi ba sai an sake shi, kuma tana so a sake gwada wasu goma sha biyu da aka riga aka wuce, da tsofaffin da ita za ta nuna. Wa'adin masu bugu ya tafi ke nan.

Ranar Lahadi bayan sujada kwamiti ya zauna, aka kawo sabuwar doka cewa dattijon kwamiti sai wanda ya iya rubutu. Aka ba wani tsohon akawu kujerar. Da aka gaya wa Ɓargo sai ya ce, "To. Kujerar taku ce. Yatsan nawa ne, da shi zan tafi."

Sai dai akawun a gari ya girma, sunan jijiya ɗaya ya sani, shi ma ba tabbas. Bayan kwana goma Malama ta zo layin masu nama da littafin rubutu a jaka, tana ɗage zane saboda ruwan wanki.

"Baba, ka faɗa min kalmomin in rubuta, a wuce wurin."

"Sai dai Fasto ya zo da kansa."

"Haba Baba, ka yi haƙuri mana."

"Haƙurin nake yi. Ina nan, tebur na uku. Ke kin rubuta, shi zai hau mumbari. In bai gani da idonsa ba, in ya zo kansu haɗiye su zai yi, mu koma gidan jiya."

Mako ɗaya ya wuce, na biyu ya bi. A cikinsu Yaya ta kama tari, abinci ya ragu, in ta yi magana sai ta huta a tsakiya. Wata safiya ta ce masa, "Auta, ina takardata?"

"Tana zuwa."

"Taurin kan nan naka, ni na goya shi, na san nauyinsa. Kada ka yi nasara a kan Fasto ka tarar ba ni."

Ranar ya je kasuwa ya kasa yanka daidai, har ya ɓata wa wata mata cinya guda. Ya yanke a ransa cewa in Talata ta yi ba a zo ba, zai ɗauki ƙafa ya je gidan Malama da kansa. Ya gaya wa Mai Kayan Ciki haka, shi kuma ya ce, "In ka je kada ka biyo ta nan, ba na son in ga fuskarka."

Ranar Litinin da hantsi sai ga Fasto a ƙofar kasuwa, da baƙin takalmi mai sheƙi, ya ɗage wando da hannu ɗaya, littafi a ɗayan. Ya zo ya tsaya a tebur na uku.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau, Fasto. Matso nan, can jini na ɗiga."

Ba wanda ya ambaci abin da ya wuce. Ɓargo ya sauko da wata ƙafar saniya wadda ya hana a feɗe, ya shimfiɗa ta a tebur. Ya tsaga fata ya janye, ya faɗi sunanta da na tantanin da ke ƙarƙashi. Ya ware tsoka. Ya sa bakin barho ƙarƙashin wata farar jijiya ya ɗago ta, bai faɗi sunanta ba, ya tsaya yana kallon Fasto.

Fasto ya faɗi sunan, a hankali.

"Ashe ka sani."

"Mahaifiyata ita take roƙa a ba ta, don ta fi araha. Takan dafa mana ita tun safe." Ya ciro hankici, ya kai shi wajen hanci, sai ya fasa, ya share tabarau da shi. "Ci gaba, Baba. A hankali, ina rubutawa."

Littafin bai fito ba sai bayan shekara biyu da rabi. A shafin da aka jera waɗanda suka yi aiki akwai Fasto, akwai Malama, akwai akawu, babu mahauci. Yaya ma ba ta kai ba. Amma in an tambayi Ɓargo labarin littafin, ba ranar fitowarsa yake bayarwa ba, wata Alhamis yake bayarwa, kwana goma bayan zuwan Fasto kasuwa.

Ranar da la'asar Fasto ya zo gidan da takarda biyu da aka fitar daga injin ofis. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, aka ba shi kujera a gefen gado. Yaya ta miƙa hannu ta ce a ba ta. Ta shafa takardar gaba da baya, ta shinshina, ta mayar masa.

"Kai Auta, koma bakin ƙofa, kada ka sa masa baki."

Ya koma bakin ƙofa. Fasto ya karanta. Da ya zo kan kalmar ƙarar nan ya ɗan tsaya, sannan ya faɗe ta da cikakken baki. Yaya ba ta ce amin ba. Da ya gama ta mayar masa da labarin tun daga kwari har miƙewa, tana hutawa tana ci gaba, ta kuma tsaya ta tambaye shi ko an faɗi tsawon lokacin da suka yi kwance kafin numfashin ya zo. Ya ce ba a faɗa ba. Ta ce ba komai, ita ta san yadda ake wannan jiran.

Sannan ta juya fuska wajen ƙofa. "Auta."

"Na'am, Yaya."

"Ashe wannan karon ba ka ƙara gishiri ba." Ta lalubo hannun rigar Fasto ta ja. "Kai kuma ɗana, ka cika sauri. Koma wurin da suka miƙe, ka bi a hankali."